Yadda Ake Sauraren 'Yan Jita Idan Sun Saki Kiɗa, Kamar Yadda Na Koya a Agadas

Ranar da na fara zama gaban 'yan jita a wani gidan biki a Agadas, ban cika minti goma sha biyar ba na soma duba agogo. Tun da na zauna abu ɗaya nake ji, ana ta nanata shi kamar dakan gero. Na karkata wajen abokin da ya kai ni na ce, "Yaya, wai ba su da wata waƙar ne?" Ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce, "Ƙanena, ai ba su fara ba tukuna. Ɗauke idonka daga kan mai jitar can, ka saurari yaron da ke zaune a baya."

Makaɗa iri biyu ne. Akwai masu zuwa da waƙa a haddace, su zuba ta yadda take a faifai, minti huɗu, su wuce ta gaba. Akwai kuma waɗanda waƙar harsashi ce kawai a wurinsu: su yi baiti biyu ko uku, sai su hau gini a kai nan take, minti goma, minti ashirin, gwargwadon yadda fili ya karɓa. Amurkawa na ce wa irin wannan ƙungiya jam band, kuma wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Grateful Dead, da aka kafa a Kaliforniya a 1965. Sun yi wasa sama da sau 2,300 kafin rasuwar jagoransu Jerry Garcia a 1995, mutane na bin su gari-gari saboda kiɗan daren jiya ba ya kama da na yau. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya san yadda marigayi Mamman Shata ke tsayawa gaban jama'a ya ƙera waƙa a take, masu kalangu na riƙe masa kiɗa, 'yan amshi na jiran ya jefo, ya riga ya san gindin abin. Bambancin dai, a nan jita ce ke yin yawancin maganar. Matsalarmu ita ce kunnenmu ya saba da bikin zamani, inda mawaƙi ke riƙe makirufo yana bin faifan da mai kwamfuta ya kunna masa. Sai an sake koya wa kunne zama.

Da farko, san inda kiɗan ya fito

Ba sai ka zama malamin tarihi ba, amma abu biyu zuwa uku za su buɗe maka kunne. Wannan kiɗan jita na Abzinawa ya tsiro ne a ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, a hannun samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya. Shi ya sa ake ce masa ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, ana kuma ce masa assuf, wato kewa da kaɗaicin daji. A Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou na cikin waɗanda suka share hanya. Lokacin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 kaset ɗin irin wannan kiɗa a ɓoye ake miƙa shi hannu zuwa hannu. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, jita ta fito daga ɓoye ta shiga gidan biki da gidan suna, ta samu saitin ganguna da lasifika, ta kuma ƙara sauri.

A shekarar nan ta 1995 ne wasu 'yan'uwan juna a unguwar Abalane ta Agadas suka kafa ƙungiyar Etran de L'Aïr, ma'ana taurarin Abzin. Jita ɗaya gare su a lokacin, gangarsu kuwa ƙwarya ce kife a ruwa ana dukanta da silifa. Yau suna yawo Turai da Amurka, amma a bikin talakawan Agadas hannunsu ya faɗa. Haka mai jita Bombino, wanda ya shiga takarar Grammy, babban kambun kiɗa na Amurka, a 2019, haka Mdou Moctar, bahagon nan da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya kuma yi faifansa na farko a Sakkwato a 2008. Dukkansu fili ne ya horar da su, inda babu wanda zai ce maka minti nawa waƙa za ta yi sai ƙafar masu rawa.

Ƙarƙashin jitar kuma akwai abin da ya girme ta. Akwai tande, turmin da ake rufe wa baki da fatar akuya, mata na kaɗawa suna tafi suna waƙa, raƙuma na zagaye su. Akwai takamba, kiɗan da ya zo daga wajen Gao ta ƙasar Mali, na molo da ƙwarya. Idan ka ji mai ganga na zamani yana wani irin ɗingishi mai daɗi, tande da takamba yake kwaikwayo da sanduna.

Na biyu, nemo wurin da ya dace, ka kuma tafi da lokaci a aljihu

Kada ka jira babban taro mai tikiti. A can makaɗa na kallon agogo, wani na jiran su sauka ya hau. Kiɗan na sakewa ne a inda suke gida: bikin unguwa, suna, ko wurin da suke wasa duk mako. A Agadas tambaya kawai za ka yi, mai shayi ko ɗan kabu-kabu zai gaya maka inda ake jita yau, Hausa kuma ta ishe ka a garin. A Yamai ƙungiyar Tal National ta yi suna da wasan awa biyar a dare ɗaya, sau da yawa a mako, har sai da suka tara makaɗa fiye da goma suna karɓa-karɓa. Jagoransu, da ake kira Almeida, a lokacin alƙali ne da rana. A garinku ma, duk inda kake, idan akwai masu jita ko piyano da ganga da ke wasa da hannunsu a wani lambu ko gidan biki, abin da zan faɗa ya shafe su.

Idan biki ne, ka tuna kai baƙo ne. Ka bi wanda aka sani a gidan, ka gai da manya, ka tsaya inda maza ke tsayawa. Ka ware aƙalla awa biyu. Ka yi sallarka kafin ka zauna, ka ci abinci, ka riƙe ruwa da 'yan canji, in lokacin hunturu ne ka ɗauki bargo ko babbar riga, don sanyin Abzin da dare ba ya wasa. Ka je da wuri kuma, tun suna ɗaure tsirkiya suna gwada lasifika. Mutane na raina wannan lokacin, ni kuwa a nan nake gane wane ne wane: wa ke jan gaba, wa ke riƙe baya, wa sauran ke duba fuskarsa kafin su taɓa komai.

Na uku, zaɓi wurin zama

Nan na yi wauta a zuwana na farko. Na ga kujera babu kowa dab da lasifika, na ce na yi sa'a. Ashe kowa ya san dalilin da ya sa aka bar ta. Kwana biyu kunnena na hagu na kuka kamar an saka mini gyare a ciki.

Masana lafiyar kunne sun auna abin da ma'aunin ƙara da ake kira desibel: ƙarar da ta kai desibel 85 ana iya jure ta awa takwas, amma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti goma sha biyar ne iyaka. Bakin lasifikar biki na iya wuce haka. Abin daɗin shi ne a fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da lasifika, ƙarar na sauka da kimanin desibel shida. Ja da baya taku goma ya fi kowane magani. Ka nemi wuri a gaban makaɗan, ɗan nesa, tsakanin lasifiku biyu in biyu ne, inda kake ganin hannun mai ganga da fuskar mai jan gaba a lokaci ɗaya. Ganin nan na da muhimmanci, don rabin zancen da suke yi da ido ne. In kana yawan zuwa irin wannan wuri, sayi abin toshe kunne na roba a kantin magani.

Na huɗu, fara saurare daga ƙasa

Wannan shi ne darasin da abokina ya ba ni, kuma shi ne uwar komai. Ido na son mai jita, shi ke tsaye, shi ke da rawani mai sheƙi. Bar shi tukuna. Minti biyar na farko ka ba mai ganga su gaba ɗaya.

Nemo babbar gangar da yake takawa da ƙafa. Ba da kunne kaɗai ake jinta ba, a ƙirji take sauka. Sa ƙafarka ta bi ta har sai ka daina tunanin kana bi. Daga nan ka ƙara ƙaramar gangar mai kaifin murya, ka ga inda take faɗowa, sannan farantan ƙarfen da ke ta caccaka a sama.

Yawancin wannan kiɗa an gina shi ne a kan ƙirga shida, kuma a nan sirrin ɗingishin yake. Gwada yanzu kana zaune. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, ka yi ta maimaitawa ba tsayawa. Buga cinyarka ta dama a kan ɗaya da huɗu: bugu biyu ke nan. Idan ya zauna, ƙara hannun hagu a kan ɗaya, uku da biyar: bugu uku. Hannayen za su haɗu a kan ɗaya, su rabu, su sake haɗuwa a ɗaya ta gaba. Da farko za ka rikice, kowa ma haka ya yi. Mace mai daka da lugude ta san wannan tun tana yarinya ba tare da an ƙirga mata ba. A fili za ka tarar ganga na tafiya da biyu, tafin mata na tafiya da uku, ko akasin haka, masu rawa kuma kowa ya zaɓi wanda zai hau. Da zarar ka iya jin biyun a lokaci ɗaya, abin da ka ɗauka nanatawa ce zai zama kamar kogi da ke da ruwan sama da ruwan ƙasa, kowanne da gudunsa. Gwanin mai ganga kuwa yakan juya maka su da gangan, ya danne biyu ya fito da uku na ɗan lokaci, fili ya ɗauki guɗa, alhali mai jita bai canza komai ba. Wanda idonsa ke kan jita ba zai san me aka yi wa guɗar ba.

Wasu waƙoƙin ƙirga huɗu ne santal, babu ɗingishi. In ka gwada shida ta ƙi zama, kada ka tilasta.

Na biyar, hau bene ɗaya: bas da jita ta biyu

Bas ita ce jita mai tsirkiya huɗu masu kauri. Aikinta ɗaure ganga da sauran jitoci wuri ɗaya. Saurari 'yar jimlar da take ta maimaitawa, ka rera ta a ranka har ka haddace. Amfanin haddacewar shi ne, ranar da mai bas ya ƙara murya ɗaya ko ya ɗauke ɗaya, za ka ji, kuma yawanci alama ce cewa wani abu na tafe.

Jita ta biyu ita ce baiwar Allah da ba a yaba mata. Tana iya yin minti goma a wuri ɗaya ba ta gusa ba. Kiɗan Turawa na yawan tashi daga wannan mazauni ya koma wancan, wannan kuwa yakan kafa turke guda ya yi ta zagaye shi, da matakan sauti biyar kacal. Kunnen da ya saba da goge da garaya ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan. Za ka ji wata murya mai kauri da ba ta yankewa a ƙarƙashin komai, babban yatsan mai jita ne ke ta dukan babbar tsirkiya yayin da sauran yatsun ke yawo a kan ƙananan. Wannan muryar ita ce gida. Duk nisan da mai jan gaba zai yi, da ita ake auna shi.

Na shida, yanzu ka koma kan mai jan gaba

Ka saurare shi kamar yadda ake sauraren mai magana a majalisa. Zai yi waƙa da baki, baiti ɗaya, 'yan amshi su karɓa, jitarsa ta maimaita karin waƙar. Riƙe wannan karin, shi ne take. Abin da zai biyo baya duk wasa ne da shi: ya yanke masa wutsiya, ya nanata rabinsa sau huɗu, ya kai shi can sama inda tsirkiya ke kuka, ya jinkirta shi ya faɗo a bayan ganga kamar wanda ya makara da gangan. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce, har yanzu ina jin taken a cikin abin da yake yi? In kana ji, kana tare da shi. In ya ɓace maka, koma wajen bas ka huta, zai dawo ya same ka.

Lura da hannunsa na kan wuyan jita. Sau da yawa tsirkiya ɗaya zai kaɗa, amma ka ji muryoyi uku ko huɗu sun zubo, saboda yatsun na bugawa suna fizgewa a kan wuyan. Daga nan wannan rawar muryar ke fitowa, mai kama da ta goge.

Sai kuma hira. Mai jita zai jefa jimla ya yi shiru, mai ganga ya amsa masa da ƙaramar ganga. Ko jita biyu su fuskanci juna, wannan ya faɗa wancan ya mayar, kamar 'yan dambe na zagaye kafin a kai hannu. Tunda babu takarda a gabansu, da alamu suke tafiya, kuma za ka koye su cikin dare ɗaya in kana kallo: ɗaga wuyan jita sama, juyowa a kalli mai ganga, gyaɗa kai, taka ƙafa da ƙarfi, matsowa kusa da makirufo, wanda ke nufin za a koma baiti. Akwai kuma wata 'yar jimla da kowace ƙungiya ke da ita, wadda in mai jan gaba ya kaɗa kowa ya san an kusa sauka. Ranar da ka fara gane ta kafin a tsaya, har ka ɗaga hannu daidai da bugun ƙarshe, ranar ka shiga gari.

Ni a wurina nan ake raba gwani da mai burga. Mai burga yatsunsa na gudu kamar an biyo shi, ba ya numfashi, ba ya kallon kowa, kuma in ka toshe kunne daga sauran makaɗan babu abin da zai ragu a kiɗansa. Samari na son sa, ni yana gajiyar da ni cikin minti uku. Gwani na barin gurbi. Yana iya riƙe murya ɗaya har ka ƙosa, sannan ya sake ta daidai inda ƙafar masu rawa ke sauka. Kuma in mai bas ya kawo wata sabuwar dabara, za ka ga gwani ya bar tasa ya bi ta yaron.

Na bakwai, bi tafiyar gaba ɗaya

Waƙa ɗaya a irin wannan fili na da safiya da rana da yamma. Takan fara a hankali, wani lokaci jita kaɗai ba ganga, mai jan gaba na lalube kamar mai neman hanya a duhu. Ganga ta shigo, a yi baitoci, a buɗe fili. Daga nan sauri ke ƙaruwa, kaɗan-kaɗan yadda ba za ka lura ba. Ga gwaji mai sauƙi: a farkon waƙa ƙirga bugun ƙafarka cikin daƙiƙa goma sha biyar, ka sake ƙirgawa bayan minti takwas. Za ka sha mamakin tazarar. A makarantar kiɗan Turawa laifi ne mai ganga ya riƙa ƙara gudu, a bikin Agadas kuwa aikinsa ke nan, muddin ya tafi da kowa.

Akwai wurin da kiɗan ke lafawa, kamar ba a san inda za a nufa ba. Nan baƙo ke tashi ya tafi sayen tsire. Zauna. Ba kowane lalube ke kai wa ga ruwa ba, gaskiya ne, wani daren za su yi ta haƙa su tashi hannu wofi. Amma in za a samu, bayan wannan lafawar ake samu.

A wani bikin da na je, ana tsakiyar gudu, ƙura ta tashi har ba a ganin fitila sosai, sai injin wuta ya yi tari biyu ya mutu. Jita uku suka yi tsit lokaci ɗaya, duhu ya rufe. Mai ganga, wani siririn yaro da bai fi shekara goma sha takwas ba, ko gezau bai yi ba. Matan da ke zaune kan tabarma suka ƙara ƙarfin tafi, wata dattijuwa ta ɗauki amshin da baki, sauran suka bi ta. Mai jan gaba na tsaye da jitarsa da ba ta da murya, yatsunsa na ta aiki a kan tsirkiya, ana haska shi da fitilar waya. An fi minti biyu a haka ana fama da igiyar inji. Da wuta ta dawo, jitar ta faɗo daidai kan ɗaya, a tsakiyar jimla, kamar wanda ya fita ɗaki yana magana ya dawo bai yanke ba. Guɗar da aka yi a wurin har yanzu ina jinta. Don haka in tsirkiya ta tsinke, ko wani ya kauce, ko lasifika ta yi ƙara, kada ka tsaki. Kalli yadda za su ɗinke ɓarakar. Mai wayo ma in ya yi kuskure yakan maimaita shi sau biyu, ya mai da shi ado.

Na takwas, ba da naka

Makaɗan nan na karanta fili kamar yadda ɗan kasuwa ke karanta fuskar mai saye. In masu rawa sun ji daɗin wani wuri, za a daɗe a wurin. In fili ya yi sanyi, za a taƙaita. Tsawon waƙa da zafinta rabi a hannunku 'yan kallo suke.

Tafi shi ne mafi sauƙi, amma ka saurari na mata tukuna ka shiga cikinsa. Tafin da ya kauce ya fi shiru illa, musamman kusa da mai ganga. Rawa kuma bi-da-bi ake yi a yawancin bukukuwan: mutum biyu ko 'yan kaɗan su fito tsakiya, su taka, su koma, wasu su fito. Ba a tsalle-tsalle, kafaɗa da hannu ne ke aiki, riga na kaɗawa. Jira a ja ka ko a yi maka alama, kada ka faɗa tsakiyar ayarin dangin amarya.

Liƙi na da lokacinsa. Yawancin waɗannan makaɗa da shi suke sayen tsirkiya da man inji, don haka takardar sefa 500 ko 1,000 ba ƙaramin abu ba ce. Amma kada ka tsaya gaban mai jita kana manna masa kuɗi a goshi yana tsakiyar jimla, ka tare masa ganin mai ganga. Bari ya sauka, ko ka ajiye a inda ake tarawa. Ka kuma tuna da na baya. Kowa na liƙa wa mai jan gaba, ni kuwa nakan zagaya in miƙa wa mai ganga nasa a hannu. In a Najeriya kake, ka san cewa dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, saboda haka sa a ambulan ko ka miƙa hannu da hannu. Kuma kada ka yi ta ihun a yi maka waƙar da ka sani a waya. In ma sun yi ta, ba yadda ka san ta za ta fito ba.

Maganar waya

Wannan kiɗa bashin waya ke kansa, don ta katin waya da Bluetooth waƙoƙin Mdou Moctar suka ratsa Sahara kafin wani kamfanin waje ya san da shi. Ba zan ce kada ka ɗauka ba. Sai dai ni na taɓa riƙe waya sama na kusan awa ɗaya, hannu ya yi tsami, na koma masauki na kunna, babu abin da ke fita sai ƙara kamar ana yaga buhu, kuma ban tuna komai daga abin da aka kaɗa ba. In kana son sauti, ja nesa da lasifika, kunna na'urar ɗaukar murya, ajiye wayar a aljihun gaba, ka manta da ita. In hoto mai motsi ne, minti ɗaya ya isa. Kada ka haska fuskar matan mutane, kada kuma ka ɗora a intanet sai ka tambayi masu kiɗan da masu bikin.

Bayan an tashi, da zuwa na biyu

Idan sun ajiye kaya ana naɗe wayoyi, yawanci akwai shayi a gefe. Matsa ka ce, "Sannunku da aiki, Malam, Allah ya ƙara basira." Sannan ka faɗi abu ɗaya takamaimai da ka ji: wurin da ganga ta juya, ko inda jita biyu suka yi ta mayar wa juna. Makaɗi ya gaji da jin "kun yi ƙoƙari". In ya ga ka ji abin da ya yi da gaske, shi da kansa zai gaya maka abin da waƙar ke cewa in da Tamashek, harshen Abzinawa, aka yi ta, ya gaya maka kuma inda za su yi wasa jibi.

Je can ɗin. Kafin ka kwanta a daren farko, rubuta abu uku game da waƙa ɗaya da ta tsaya maka: yadda aka buɗe ta, kimanin minti nawa ta yi, da wanda ya ja ragamar tsakiyarta. A dare na biyu ka jira ta. Ni tawa a daren farko minti bakwai ta yi, jita ce ta buɗe, aka sauke ta a hankali saboda an kawo abinci. Bayan kwana biyu, a wata unguwa, mai ganga ne ya buɗe ta, ta haura minti ashirin, kuma sai da aka yi nisa na gane ita ce, ta wajen 'yar jimlar bas ɗin nan da na haddace.